Aron kuɗin gobara: yadda wutar daji ke cinye kasafin Amurka

A watan Agustan 2015, wutar daji na ci a jihohin Washington, Idaho da arewacin Kalifoniya, sai shugaban Hukumar Kula da Gandun Daji ta Amurka na lokacin, Tom Tidwell, ya aika wa ofisoshinsa umarni cewa kowa ya ɗaga hannu daga kashe kuɗi, in ba abin da ya zama tilas ba. Kason da majalisar dokoki ta ware na kashe gobara a wannan shekarar ya ƙare ƙarƙaf, wuta kuwa ba ruwanta da kasafi. Kafin shekarar kuɗi ta rufe a ƙarshen Satumba, hukumar ta kwaso dala miliyan 700 daga sauran asusunta ta zuba a bakin wuta. A cikin abin da aka kwasa akwai kuɗin gyaran hanyoyin daji da gadoji, da na bincike, da na dashen itatuwa, da na kula da gandun da kansa don kada ya zama makamashi.

Wannan al'ada ita ce ma'aikatan hukumar da 'yan majalisa ke kira aron kuɗin gobara. Ta ɗauki kusan shekara ashirin tana damun Amurka, an yi mata doka a 2009 ba ta ji ba, aka sake yi mata wata a 2018. Mai karatu zai iya cewa ƙasar da ke kashe ɗaruruwan biliyoyin daloli a kan soja, me zai hana ta ware abin da zai ishi 'yan kwana-kwana? Amsar ba ta rasa nasaba da yadda ake lissafin kuɗin tun farko, da kuma wanda ke biya da wanda ke jawo kashe kuɗin.

Tushen abin yana can baya. An kafa hukumar a 1905, kuma a 1908 majalisa ta ba ta wata dama da ba kowace hukuma ke samu ba: idan gobara ta tashi, ta kashe abin da ya kama, daga baya majalisa ta cike giɓin. Shekara biyu tsakani aka gwada dokar. A ranakun 20 da 21 ga Agustan 1910, iska mai ƙarfi ta haɗe ƙananan gobara masu yawa a Idaho da Montana suka zama wuta ɗaya, wadda ta lashe eka kusan miliyan 3, ta kashe mutum fiye da 80, akasarinsu masu aikin kashe ta. A wannan gobarar ce wani jami'in gandun daji, Ed Pulaski, ya kora mutanensa sama da arba'in cikin ramin haƙar ma'adinai kusa da garin Wallace, ya tsaya a bakin ramin da bindiga a hannu yana cewa duk wanda ya yi yunƙurin fita zai harbe shi. Mafi yawansu sun tsira. Kayan aikin da masu kashe wutar daji ke riƙewa har yau, gatari a gefe ɗaya, fartanya a ɗaya gefen, sunansa yake ɗauke da shi. Hukumar ta fita daga wannan shekarar da bashin dala miliyan 1.1, majalisa kuma ta biya. Darasin da jami'anta suka ɗauka shi ne wuta abokiyar gaba ce, kuma kuɗin yaƙi da ita ba ya ƙarewa. A 1935 aka kafa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka samu labarinta, a shawo kanta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari.

Ƙa'idar ta yi aiki, kuma nasararta ce ta haifi matsalar yau. Dazuzzukan yammacin Amurka da yawa sun saba da ƙaramar wuta da ke bi ta ƙasa duk bayan 'yan shekaru, ta cinye ciyawa da ƙirare da ƙananan tsirrai, ta bar manyan itatuwa a tsaye. Tsawa na kunna wasu, 'yan asalin ƙasar kamar ƙabilun Karuk da Yurok na Kalifoniya na kunna wasu da gangan. Da aka hana wannan na tsawon shekaru, daji ya cushe, busassun itatuwa suka taru. Ga fari, ga zafi da ya ƙaru, har hukumar da kanta ta ce lokacin gobara ya fi na 1970 tsawo da kwana 78. Ga kuma gidaje: daga 1990 zuwa 2010, gidajen da ke bakin daji ko cikinsa sun ƙaru daga miliyan 31 zuwa miliyan 43.

Alƙaluman cibiyar kula da gobara ta ƙasa da ke Boise a jihar Idaho sun nuna inda aka dosa. A 1985 gwamnatin tarayya ta kashe kusan dala miliyan 240 wajen kashe wutar daji. Ba a taɓa kai biliyan ɗaya ba sai a shekarar 2000. A 2017 an kashe biliyan 2.9, a 2018 biliyan 3.1, a 2021 kusan biliyan 4.4.

Ina kuɗin ke tafiya? Ƙananan gobara ba su da tsada. Kusan kashi 98 cikin 100 ana kashe su tun suna ƙanana, da 'yan ma'aikata kaɗan da motar ruwa. Kashi ɗaya ko biyun da suka kuɓuce su ne ke cinye kusan kashi 30 na kuɗin. Idan wuta ta girma, gari guda ake kafawa a filin makaranta ko filin baje koli mafi kusa. Tantuna ɗaruruwa, tirelolin girki, tirelolin wanka, banɗakunan tafi-da-gidanka, ɗakin shan magani, tankokin mai, har da ofishin akantoci masu rubuta awannin kowane mutum da kowace mota. Ayarin ma'aikata ashirin-ashirin ke fita tun duku-duku, su yi awa goma sha shida suna kankare ƙasa da sare itatuwa don buɗe layin da wuta ba za ta tsallake ba, kwana goma sha huɗu a jere kafin a ba su hutu. Katafila na gaba, a sama kuma jirage masu saukar ungulu na ɗebo ruwa daga tafki, manyan jirage na zubo jan sinadarin da ke rage wa wuta gudu. Galibin jiragen nan na 'yan kwangila ne. Ana biyan su kuɗin zaman jira kowace rana ko ba su tashi ba, sannan a biya kuɗin kowace awa da suka yi a sama. Babbar gobara ɗaya kan ci fiye da dala miliyan ɗaya a yini, kuma tana iya yin wata biyu tana ci.

To, ta yaya za a sa irin wannan a kasafi, alhali ana rubuta kasafin fiye da shekara guda kafin lokacin gobarar? Dabarar da aka daɗe ana bi mai sauƙi ce: a tara abin da aka kashe a shekaru goma da suka wuce, a raba goma, abin da ya fito shi ne kason bana. Da a ce shekarun gobara suna hawa suna sauka ne kawai, da lissafin ya yi daidai, rarar shekara mai sauƙi ta cike giɓin mai tsanani. Amma idan kuɗi kullum hawa yake, matsakaicin shekarun baya dole ya kasa kai abin da ake buƙata yau. Wato tun ranar da aka sa hannu a kasafin, kowa ya san ba zai isa ba.

Illa ta biyu ta fi ta farko muni, ko da yake ba ta fiye fitowa a labarai ba. Jimlar kuɗin da kwamitin majalisa zai raba wa hukumomin da ke ƙarƙashinsa tana da iyaka. Duk shekarar da matsakaicin ya ƙaru, ƙarin daga kason sauran ayyukan hukumar ake yanko shi, tun kafin a kai ga maganar aro. A 1995 harkar gobara na cin kashi 16 na kasafin hukumar. A 2015 ta haura rabi. Rahoton da sakataren aikin gona na lokacin, Tom Vilsack, wanda hukumar ke ƙarƙashin ma'aikatarsa, ya fitar a waccan shekarar ya nuna cewa daga 1998 zuwa 2015 ma'aikatan gobara sun ƙaru daga kusan 5,700 zuwa sama da 12,000, yayin da sauran ma'aikata, masana itatuwa da ruwa da namun daji da injiniyoyi, suka ragu daga kusan 18,000 zuwa ƙasa da 11,000. Hukumar da aka kafa don kula da gandun daji mai faɗin eka miliyan 193 ta kama hanyar zama ofishin kwana-kwana. Kuma waɗannan ma'aikatan da aka rage su ne masu auna fili, su rubuta takardun izini, su shirya aikin rage cunkoson daji.

A shekarun baya akwai inda ake fakewa. Cinikin katako na tara wa hukumar kuɗi a wani asusu na sake dashen itatuwa, daga nan ake ara a mayar ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Da saran katako a dazuzzukan gwamnati ya faɗi warwas a farkon shekarun 1990, wannan rumbun ya yi ƙasa, aron ya koma kan ayyukan yau da kullum. Ofishin binciken kuɗi na majalisa ya lissafa cewa daga 1999 zuwa 2003 an ari sama da dala biliyan 2.7 ta wannan hanya, majalisa kuma ta mayar da kusan kashi 80.

Wani zai ce ai an mayar da mafi yawa, mene ne abin kuka? Matsalar lokaci ce. Manomin da ya ci irinsa da bazara, ko an biya shi da kaka, daminar ta riga ta wuce shi. Aikin daji yana da nasa lokacin. Ana ƙunar rigakafi, wato kunna ƙaramar wuta da gangan don ta cinye makamashin da ya taru a daji, a 'yan makonnin da ƙasa ke da danshi daidai kuma iska ta kwanta. Ana gyaran hanya kafin dusar ƙanƙara ta rufe ta. Ɗan kwangilar da aka soke masa aiki a Agusta ba zai zauna jiran kuɗin da za a mayar a Disamba ba. Har ta kai wasu shugabannin gundumomin daji na jinkirta ayyuka tun farkon shekara, don sun san za a zo a kwashe kuɗin.

Abin da ya fi ɓata wa 'yan majalisar jihohin yamma rai shi ne bambancin da ake nunawa. Idan guguwa ta afka wa Florida ko ambaliya ta ci Louisiana, akwai asusun agajin bala'i na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ƙarƙashin dokar Stafford ta 1988, ba wanda ke cewa wata ma'aikata ta yanko daga kuɗin aikinta. Wutar daji a filin gwamnatin tarayya ita kaɗai ce aka mayar tamkar hidimar yau da gobe.

Gwajin farko na gyara shi ne dokar FLAME ta 2009, wadda ta buɗe asusun ajiya na musamman don manyan gobara. Ba a je ko'ina ba majalisa ta fara lissafa asusun a cikin wancan matsakaicin na shekaru goma maimakon ta ɗora shi a kai, ta kuma janye ragowar da aka samu bayan shekaru masu sauƙi. Aka koma gidan jiya.

Daga nan aka shiga ja-in-ja na shekaru. Sanata Ron Wyden na Oregon, ɗan Dimokurat, da Sanata Mike Crapo na Idaho, ɗan Rifablikan, suka haɗa kai kan ƙudurin da zai ɗauki manyan gobara a matsayin bala'i. Masu tsumulmular kasafi suka ce wannan ƙofar baya ce ta ƙara kashe kuɗi. Wasu 'yan Rifablikan suka ce ba za su yarda ba sai an sassauta dokokin muhalli an buɗe hanyar saran katako, ƙungiyoyin kare muhalli kuma suka ce allambaram. Gobarar 2017 ce ta sa kowa ya sassauto. Ranar 23 ga Maris 2018 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a babbar dokar kasafi da ke ɗauke da gyaran.

Gyaran ƙafa biyu gare shi. Ta farko, an daskarar da kason yau da kullum a kan matsakaicin 2015, wato dala biliyan 1.011 ga hukumar gandun daji da miliyan 384 ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ita ma ke kashe gobara a filayen da ke hannunta, jimla kusan biliyan 1.4, don ya daina cin kason sauran ayyuka. Ta biyu, an buɗe wani asusu a wajen iyakar kasafi, wanda ya fara da dala biliyan 2.25 a shekarar kuɗi ta 2020, yana ƙaruwa da miliyan 100 kowace shekara har ya kai biliyan 2.95 a 2027. Masu neman sassauci su ma sun samu ɗan abin sawa a baka: ayyukan rage cunkoson daji da ba su wuce eka 3,000 ba an taƙaita musu binciken muhalli.

A gaskiya gyaran ya yi abin da aka yi shi dominsa. Umarnin daina kashe kuɗi irin na Agustan 2015 ya daina zama abin fargabar kowace shekara. Amma a ganina ya bar babbar cutar yadda take, ya ma ƙara mata wurin zama. Kuɗin kashe wuta yanzu a buɗe yake, kuɗin hana ta girma kuwa sai an yi kokawa a kansa kowace shekara.

A duba abin ta idon jami'in da ke riƙe da gundumar daji. Wuta ta tashi a ƙurmin da babu gida ko ɗaya kusa, masana sun ce a bar ta ta ci a hankali, za ta share dajin. In ya bar ta iska ta juya ta ƙone ƙauye, sunansa ya ɓaci har abada. In kuwa ya kira jirage ya kashe miliyoyi, kuɗin ba daga kasafin gundumarsa zai fito ba, gwamna zai yaba masa, jama'a za su ga jan sinadari na zuba a talabijin su ce gwamnati na aiki. Babu mai hankalin da zai zaɓi na farko. Ƙunar rigakafi kuwa kasada ce da ke kan wuyan wanda ya kunna. A Afrilun 2022 wutar da hukumar ta kunna da kanta a New Mexico ta kuɓuce, ta haɗu da wata da ta taso daga tarin itacen da aka ƙona tun hunturu, suka cinye eka sama da 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar. Majalisa ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya a wannan shekarar, shugaban hukumar na lokacin, Randy Moore, kuma ya dakatar da ƙunar rigakafi a faɗin ƙasar na kwana 90. A Oktoban shekarar, a gundumar Grant ta Oregon, shugaban 'yan sandan gunduma ya kama jami'in tarayya da ke jagorantar irin wannan ƙuna saboda wutar ta tsallaka gonar kiwon wani. Duk ma'aikacin da ya ji wannan labari ya san inda lafiyarsa take.

An dai yi ƙoƙari. A Janairun 2022 hukumar ta fitar da shirin shekara goma na gyara ƙarin eka miliyan 20 a dazuzzukanta da miliyan 30 a filayen jihohi da ƙabilu da masu zaman kansu, aikin da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 50. Dokar ababen more rayuwa ta 2021 da dokar rage hauhawar farashi ta 2022 sun ba da 'yan biliyoyi, amma kuɗi ne na zubi ɗaya, daji kuwa sake tsirowa yake yi, wurin da aka share bana zai nemi a koma masa nan da shekara goma ko sha biyar. (Dokar 2021 ɗin ce kuma ta yi wa ma'aikatan ƙarin albashi na wucin gadi, bayan an wayi gari wasu masu fuskantar wuta ido da ido na karɓar ƙasa da dala 15 a awa. Sai a 2025 ƙarin ya zama na dindindin.)

Sai batun gidaje, inda nake ganin nan ne gizo ke saƙa. Ƙananan hukumomi ne ke ba da izinin gini a bakin daji, su ne kuma ke karɓar harajin gidajen. Idan wuta ta doso, gwamnatin tarayya da ta jiha ke biyan kuɗin kare su, kuma kare gida ya fi barin daji ya ƙone tsada nesa ba kusa ba. Ko a filin da ke hannun jiha, FEMA kan biya kashi 75 na kuɗin kashe gobarar da ke barazana ga gari. Kalifoniya ta taɓa gwada sa wa masu irin waɗannan gidaje harajin kusan dala 150 a shekara daga 2011. Mazauna karkara suka yi ca, aka kai ƙara kotu, a 2017 aka dakatar da harajin.

Jihohi ma kowacce da dabararta. Oregon ta yi abin da babu jihar da ta yi: tun 1973 take sayen inshorar kuɗin kashe gobara, a hannun kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan. Da gobara ta yi yawa, masu inshorar suka dinga ɗaga adadin da jihar za ta fara kashewa daga aljihunta kafin su sa hannu, daga dala miliyan 50 har ya wuce 75, alhali abin da za su biya bai wuce miliyan 25 ba. A 2023 jihar ta haƙura da shirin. Shekara ɗaya bayan haka wuta ta ci eka miliyan 1.9 a Oregon, 'yan kwangila masu katafila da motocin ruwa suka yi watanni suna jiran haƙƙinsu saboda kuɗin da tarayya za ta mayar wa jihar bai iso ba. Gwamna Tina Kotek ta kira zaman majalisa na musamman a Disambar 2024, aka ware dala miliyan 218 don a sallame su.

Duk wannan lissafin kuma na kashe wutar ne kawai. Cibiyar bincike ta Headwaters Economics da ke Montana ta ƙiyasta a 2018 cewa kuɗin kashewa bai wuce kashi 9 na jimlar asarar da gobara ke jawowa ba. Sauran yana cikin gidajen da suka ƙone, da madatsun ruwan da toka ta cike, da zaftarewar ƙasa, da asibiti saboda hayaƙi. Gobarar da ta shafe garin Paradise na Kalifoniya a Nuwambar 2018 ta kashe mutum 85, ta ƙone gine-gine sama da 18,000, ta kuma jefa kamfanin lantarki na PG&E, wanda wayoyinsa suka haddasa ta, cikin fatara. Ba a ganin ko kwabo na wannan a layin kasafin da majalisa ke muhawara a kai.

Yarjejeniyar 2018 ta shekara takwas ce, kuma za ta ƙare ranar 30 ga Satumban 2027. Idan majalisa ba ta sabunta ta ba aka koma tsohon lissafi, matsakaicin shekaru goma na yanzu ya ƙunshi 2018 da 2021 da 2022, ya haura dala biliyan biyu da rabi, kusan ninkin adadin da aka daskarar. Bambancin, sama da dala biliyan ɗaya a kowace shekara, daga kason gyaran hanya, bincike, dashen itatuwa da ƙunar rigakafi za a yanko shi.